Wayfai ya ɓace bayan ofdet, a taimaka

Sadiya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah wa ya san kan kwamfuta? Jiya da daddare laftof ɗina ta yi ofdet na Windows 11, da safe na kunna, alamar wayfai babu ita sam, sai wata alama mai kama da ƙwallon duniya. Ko hosfot ɗin wayata ba ta gani. Ga shi ranar Litinin zan kai wa malamina babi na uku.

Ɗan Rikkos: Wa alaikumus salam. Kashe ta ki kunna tukuna.

Sadiya: Na yi ya fi sau biyar Yaya.

Injiniya: Kashewa daban, Restart daban. In kika danna Shut down, Windows ba ya mutuwa murus, yana ajiye wasu abubuwa don ya tashi da sauri. Restart ne ke wanke komai. Ki duba maɓallin hoton jirgin sama a jerin sama na kibod ma, kar a ce hannu ne ya taɓa shi.

Baban Amira: Ƙanwata, kome za ki yi kar ki yi saurin kai ta shago. Ni abin da ya same ni ke nan bara, a shagona na buga takardu da ke Bauchi Road. Na kwana da wayfai, na tashi babu. Na ɗauki kwamfuta na kai wa wani mai gyara a wajen Taminus, ko kunna ta bai yi ba ya ce katin wayfai da ke cikinta ne ya ƙone, sai an saka sabo. Na biya, ya kwance ta, ya saka wani, na dawo da murna. Sati bai zagayo ba ta sake ofdet, wayfai ya sake tafiya. Da na koma sai ya ce to fomat za a yi, wato a goge komai na cikinta, kuma bai ce mini in kwashe takarduna ba. Haka aikin mutane ya tafi, har da katin gayyatar bikin da aka riga aka biya ni kuɗinsa, na sha kunya ba kaɗan ba. Daga baya wani yaro ɗan jami'a da ke zuwa buga hotuna ya zauna minti goma ya nuna mini cewa tsohon katin ma lafiyarsa lau, direba ne ofdet ya canza. Ya shiga Device Manager, ya buɗe Network adapters, ya danna dama a kan wanda ke da Wireless a sunansa, Properties, Driver, sai Roll Back Driver. Tsohon direba ya dawo, wayfai ya dawo. Tsohon katin wayfan nan yana cikin durowata har yau, duk sanda na gan shi sai raina ya ɓaci.

Ɗan Rikkos: Direba kuma? Ashe har cikin kwamfuta 'yan tasha sun shiga 😂

Injiniya: Shi ne ɗan tafinta tsakanin Windows da katin wayfai. In tafinta ya sauya kuma bai iya yaren katin ba, shiru za ka ji.

Sadiya: Na shiga Baban Amira, amma Roll Back ɗin ya dushe, ba ya dannuwa.

Injiniya: To babu tsohon a ajiye ke nan. Ki zaɓi Uninstall device, kar ki sa maki a akwatin da ke cewa a goge direban, sai Restart. Yawanci da kansa yake mayar da shi. In bai yi ba, haɗa wayarki da kebur ki kunna USB tethering, kwamfutar za ta samu intanet ta nan, sai ki sauko da direba daga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin. Lambar samfurin tana ƙarƙashinta.

Malam Linux: Kullum ina faɗa muku ku bar Windows ku dawo Ubuntu ku huta.

Ɗan Rikkos: Kai da ka kwana biyu kana neman direban wayfai bayan ka saka Ubuntun? A nan zauren ka yi ta kuka fa.

Malam Linux: Wannan tun yaushe.

Anti Hauwa: Ni dai tun da na ga ofdet na shanye mini data na ƙi barin Windows 10. Ba abin da ya dame ni.

Injiniya: Anti ai tun 14 ga Oktoba 2025 aka daina tallafa wa Windows 10 yadda aka saba. In data ce damuwar, ki sa Metered connection a kan hosfot ɗinki, zai rage jan manyan ofdet.

Anti Hauwa: Su daina mana, ni Word kawai nake buɗewa.

Baban Amira: Injiniya ka manta da maganar kwana goma. In babban ofdet ne, akwai Go back a ƙarƙashin Recovery, yana mayar da mutum inda ya fito, amma bayan kwana 10 ƙofar ta rufe. Da na san haka da ban yi asara ba.

Injiniya: Haka ne. Kuma akwai Network reset, sai dai yana mantar da duk kalmomin sirrin wayfai da ta haddace, shi ya sa nake barin sa ƙarshe.

Usaini Gangare: Tawa tana ganin na maƙwabta amma ba ta ganin rawuta ta gidanmu, shi ma direba ne?

Injiniya: Naka daban. Duba ko rawutar tana kan 5GHz kaɗai, tsofaffin kati 2.4 kawai suke gani.

Ɗan Rikkos: Tunda na maƙwabta take gani ai an gama, ka kai musu kunun gyaɗa su ba ka lambar.

Usaini Gangare: Mutumin da ko gaisuwa sai ya ga dama yake amsawa?

Anti Hauwa: Wai ina Sadiyar ne?

Sadiya: Ina nan Anti, na yi Uninstall, tana cikin Restart aka ɗauke wuta, batirin kuma ba ya riƙe caji. Sai an kawo.

Ɗan Rikkos: To wannan direban ko Injiniya ba shi da shi.