Taƙaitawa: yadda kwamitin ƙaramar hukuma ke haɗa shirin lafiya da na jin daɗin jama'a

1. Kusan kowa ya yarda a fara da tantance buƙatu unguwa-unguwa: alƙaluman asibiti, yawan tsofaffi da naƙasassu. Sannan a zaɓi abu uku ko huɗu, kada a jibga ashirin.

2. An fi daɗewa kan sallamar majinyata. Tsoho ya warke, babu mai kula da shi a gida, sai ya ci gaba da riƙe gado alhali wani na jira. Shawara: jami'in jin daɗin jama'a ya shiga shirin sallama tun ranar kwantarwa.

3. Kan kuɗi an rabu. Wasu na son asusu ɗaya, wasu sun ce in ba a rubuta wanda zai cike giɓi ba, rigima ce tsagwaronta.

4. Kada a turo wakilin da ba shi da ikon sa hannu.