Mene ne kamfanin jirgin ƙasa?

Mai tambaya daga Fagge: Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske: kamfanin jirgin ƙasa shi ne mai layin dogo, ko mai tafiyar da jiragen?

Malami daga Gwale: Wa alaikumus salam. Ma'anar ta ƙunshi duka biyun, wato mai kula da layi da tashoshi, da mai jigilar fasinjoji da kaya. A Najeriya, Hukumar Jiragen Ƙasa da aka kafa a 1955 ta haɗa ayyukan biyu, a Birtaniya kuwa an raba su.

Dattijo daga Sabon Gari: Haka ne, Malam. Layin da ya iso Kano a 1911, wanda taragai suka riƙa bi da buhunan gyaɗarmu zuwa Legas, gwamnati ce ta shimfiɗa shi, kuma ina fatan a ci gaba da gyara shi.