Wanne shafin bayanan dawakai ya cancanci in biya wa kuɗi?

Ɗan Janadiriyya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata shida ina aiki a wata barga kusa da filin sukuwa na Sarki Abdul'aziz a nan Riyad. Da wankin doki da kilisa na fara, yanzu saboda ina ɗan jin Turanci maigida ya ɗora mini duba tarihin dawakan da yake son saye. Bana idonsa na kan gwanjon Tattersalls da ake yi a Newmarket ta Ingila ƙarshen Oktoba, na dawakan da sun riga sun fara tsere. Ya ce in zaɓi shafi ɗaya zai biya.

To bara na ƙona hannuna. Na biya wa wani shafi kuɗin wata uku daga aljihuna, na zauna da daddare da shayina na rubuta sunan doki na farko, babu. Na biyu, babu. Ashe dawakan Amurka kaɗai suke bi, ni kuwa na Ingila nake nema. Kunya ta hana ni faɗa wa kowa a barga. Yanzu ina jin sunaye: Timeform, Racing Post, Equibase, Daily Racing Form. Wanda ya san kansu ya taimaka, kada a maimaita.

Abu Safiyya:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, ka fara tambayar kanka dokin a wace ƙasa ya yi gudu, sauran mai sauƙi ne. Equibase da Daily Racing Form na Amurka ne, ka ajiye su gefe tunda Newmarket za ku. Naka biyu ne, Racing Post da Timeform.

Kuma lambobin da shafukan nan ke ba dawakai ba awo ɗaya ba ne, a nan mutane ke ruɗewa. Lambar Beyer da ke Daily Racing Form daga agogo take fitowa: lokacin da doki ya yi, a gyara shi gwargwadon saurin filin a ranar. Ta Timeform kuwa nauyi ce. Idan wannan 100 ne wancan 95, ana nufin sai an ƙara wa na farkon laba biyar a baya kafin su zo kai da kai. Phil Bull ne ya kafa kamfanin a 1948, kuma doki Frankel suka ba 147, ka ga inda rufin yake a tseren da ba na tsallake ba. Don haka 100 ta can da 100 ta nan suna ne kawai ya haɗa su.

Da ni ne, Timeform zan ce maigida ya biya, saboda ɗan sharhin da suke yi a kan kowane doki: wannan yana fizgar linzami, wancan yana son nisa, wani sai ƙasa ta yi laushi. Sakamakon tsere kuwa Racing Post na nuna shi kyauta, lambar hukuma tana shafin BHA, hukumar sukuwar Birtaniya, kyauta, kundin gwanjon ma yana shafin Tattersalls. Ka lura, a gwanjon da kuɗin gini (guinea) suke sayarwa, gini ɗaya fam ɗaya da kwabo biyar ne. Kada ka kai wa maigida lissafin riyal da giɓi.

Ummu Hanan, Jidda:
Malam, ba don 'yan caca aka yi shafukan nan ba? Ni dai gabana ya faɗi da na ga tambayar.

Ɗan Janadiriyya:
Hajiya, gaskiyarki, yawancin masu sayensu a can caca ce ta kai su, tallarta ma cike take da shafukan. Mu a nan kin san babu ita a filin sukuwa, ba kuma ita nake nema ba. Doki za a saya da kuɗi masu nauyi, ana son sanin halinsa kafin a sa shi jirgi.

Baba Mai Sirdi:
Yaro, na riga ka shiga barga da shekara ashirin, bari in ƙara maka abin da takarda ba za ta faɗa ba. Yawancin dawakan da za ka duba a ciyawa suka saba gudu, mu kuma yawancin tserenmu a turɓaya ne. Babu lambar da za ta gaya maka yadda doki zai yi ranar da ƙasa ta fara watsuwa a fuskarsa daga kofaton na gaba. Wani ya ɗaga kai sama ya ƙi gaba, shi ke nan, kuɗi sun tafi.

Sa'armu ɗaya, turɓayar Riyad tana karɓar dokin ciyawa. Mishriff daga Newmarket ya zo ya ci Kofin Saudiyya a 2021. Panthalassa na Japan da ya ci a 2023 a ciyawa ya yi suna. Romantic Warrior bai taɓa tsere a turɓaya ba sai 2025, da ƙyar Forever Young ya ƙwace masa a bakin layi, ina tsaye a wurin, muryata ta kwana biyu ba ta dawo ba. Amma a 2022 Emblem Road namu na gida ne ya ba baƙi kunya, masu manyan lambobi suna kallo.

Saboda haka ka biya wanda Abu Safiyya ya ce, ban ƙi ba. Amma kowane dokin da ka ware, ka nemi bidiyon tserensa uku na ƙarshe ka kalla har sau biyu. Ka ga yadda yake fita daga ƙofa, ka ga ko ya iya kwanar hagu, don namu filin hagu ake juyawa. In ka ga ya yi wata bakwai ko takwas bai fito ba, ka sa alama, a tambayi dalili, likita ya taɓa jijiyar ƙafa. Sannan ka tuna tsakiyar kakar Riyad zai sauka, bayanta zafi, sai sukuwa ta koma Ɗa'if.

Ɗan Janadiriyya:
Allah ya saka, Baba. Na gaya wa maigida Timeform, wata ɗaya tukuna mu gani. Kafin a cire ko riyal ɗaya sai na rubuta sunayen dawakai uku na ga sun fito. Abu Safiyya, wata tambaya: ƙaramin harafin p da nake gani a gefen lambar wasu, me yake nufi?

Abu Safiyya:
Suna ganin zai ƙara gaba ne. In babban P ne, sosai. Amma in ka ga wata alama kamar macijiya ta naɗe, wannan dokin ba shi da amana, ranar da ya ga dama yake gudu.