Zafin nan wa ya kawo shi? Musayar baiti ta 'yan zangon Ankara ta Ghana

Oga Direba, Nima

Salamu alaikum jama'a. Maganar ɗumamar yanayin nan ta ishe ni wallahi, ka kunna rediyo ita, ruwa ya ci gida a ce ita, tumatir ya yi tsada a kasuwa a ce ita. Ni dai ban yarda ba kuma ba zan ɓoye ba. Ga nawa nan, duk mai amsa ya amsa da baiti ya riƙe min ƙafiyar, kar wani ya kawo min dogon turanci.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai rana da ruwa, Shi ne Sarki.

Wai ɗan Adam ne ya ƙara zafi,
Zancen nan na ba ni mamaki.

Tun muna yara in Maris ya kama,
Waje muke kwana mu bar ɗaki.

Ruwa ya ci unguwar Circle kun ce yanayi,
Ku leƙa gota, roba ce ciki.

An yi gini a kan hanyar ruwa,
Wa ya sa hannu? Ku buɗe baki.

Sai aka ce trotrona ce mai laifi,
Aka ɗora min harajin hayaƙi.

Bature ya ƙone kwal ya yi kuɗi,
Mu da muka taso an ce mu taka birki.

Kuma ai ba ni kaɗai ba ne, Trump shugaban Amurka guda ya ce damfara ce, sau biyu yana zare ƙasarsa daga yarjejeniyar Paris ta rage ɗumamar yanayi. In su da kansu ba su yarda ba ni ɗan Nima me zai sa in yarda?

Ɗalibar Legon

Wa alaikumus salam Kawu, an wuni lafiya.

Kawu na durƙusa na gaishe ka,
Ka yi min izini in sa baki.

Rana ta Allah ce babu musu,
Sababi ma Shi ya sa shi aiki.

Rana ta gasa ƙasa, zafi ya tashi,
Da can yana fita ba yawan shamaki.

Yanzu iskar fetur da ta kwal,
Ta taru a sama ta tsare shi ciki.

Bargo ne aka ɗora kan bargo,
Dole zufa ta keto a jiki.

Ba a ganinta, ba ta da wari,
Daban take da baƙin hayaƙi.

Ka yi haƙuri in ɗan ƙara da zance Kawu don lamba ba ta shiga baiti. Iskar nan ita ce kabon, ana auna ta kullum a kan wani dutse a Hawai tun 1958, kafin zamanin injuna wajen kashi 280 take cikin miliyan yanzu ta haura 420, kuma 2024 ita ce shekarar da ta fi kowace zafi a duniya tun da aka fara rubutawa. Sannan ba jiya aka ƙago zancen don a karɓi haraji ba, wani masani ɗan Suwidin mai suna Arrhenius ya yi lissafin tun 1896, lokacin ko mota ɗaya babu a Ankara.

Hajiya Mai Koko, Mamobi

Ni ban san kabon ba, olonka, gwangwanin awon hatsi, na sani.

Direba ɗana tsaya ka ji,
Ni a bakin murhu nake aiki.

Geron kokona daga arewa yake,
In can ya ƙi, nan ma sai tsaki.

Ruwa ya ɗauke ana tsakar damina,
Masara ta bushe, an yi asarar taki.

Dangi na Walewale suka bugo,
Babu na ci balle na biki.

'Yan mata suka cika mota,
Suka zo kayaye, wato dako, yunwa a ciki.

Farin 2024 nake faɗi kowa ya tuna, har gwamnati sai da ta hana fitar da masara da shinkafa da waken soya waje a watan Agusta. To Direba gotar Nima ce ta hana ruwa sauka a Walewale? Ka faɗa min.

Baba Sofo, Sabon Zango

Yara Allah ya yi muku albarka. Ni zan sauya ƙafiya, tsoho ana yi masa uzuri.

Hajiya kin ce ruwa ya ɗauke,
Ai ba yau muka san fari.

Tamanin da uku da wayonmu,
Yunwa ta shiga kowane gari.

Wuta ta cinye daji da gonaki,
Garin rogo ya zama abin buri.

Ƙashin wuya ya fito wa kowa,
Sarƙar shugaba Rawlings aka ce, ba ƙari.

Ga 'yan'uwa an koro daga Legas,
Suka iske mu babu shiri.

Motoci nawa ne a lokacin?
Wane hayaƙi ya kori hadari?

Shekara bakwai na Annabi Yusufa,
Babu fetur, Masar ta ga fari.

Mu gyara tsakaninmu da Allah,
Mu fita roƙon ruwa da istigfari.

Malam na Fadama

Baba Allah ya ƙara girma, ya sa a gama lafiya. Na karɓi ƙafiyarka.

Baba maganarka tana kan hanya,
Roƙon ruwa sunna ce tun fari.

Amma a buɗe Suratur Rum,
Aya ta arba'in da ɗaya a yi nazari.

Ɓarna ta bayyana tudu da teku,
Da hannun mutane, Ya faɗa a sarari.

Ƙaddara gaskiya ce mun yi imani,
Amma ba ta wanke mai gatari.

Wanda ya so ya saki raƙuminsa,
An ce masa ya fara da ɗauri.

Annabi Yusufa bai ce a zauna ba,
Rumbu ya cika, ya yi tsari.

Sharaɗin tuba ai har da barin abin da ake yi Baba. In hannunmu ne ya jawo to istigfari da baki hannu na ci gaba da ɓarna bai cika ba. Na taɓa wannan a karatun bayan magariba wasu suka ce malam ya shiga siyasa, alhali aya na karanta.

Ɗan Aboabo, Kumasi

Chale ni baƙo ne daga Kumasi amma dole in sa baki don Oga Direba na da gaskiya paa a wuri ɗaya, manyanmu sun mai da kalmar yanayi wurin ɓuya, duk abin da suka ɓata da hannunsu sai su jingina mata.

Kogin Offin da Pra da Birim,
Sun zama laka, ba na shan kowa.

Masu eskabeta an san gidansu,
Wasu na jam'iyyar lema, wasu na giwa.

In zaɓe ya zo kowa ya rantse,
In an hau kujera sai mantuwa.

Su sa kwat su tafi taron yanayi,
Su karanta takarda a yi ta yabawa.

An dasa itace ranar Green Ghana,
Wa ya koma ya yi ban ruwa?

Kumasi da ake ce wa garin lambu,
Yau rana tsaka ka rasa inuwa.

Shi ya sa mutane ke ja da baya, ba ilimin suka ƙi ba, bakin da ke faɗa musu ne ba su yarda da shi ba kraa. Wanda ya kasa hana galamse, haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, a Obuasi da Manso shi zai gyara sararin samaniya?

Ɗalibar Legon

Yaya na Aboabo ban ja da kai ba ko kaɗan. Galamse namu ne, gota tamu ce, ran 3 ga Yuni 2015 mutum fiye da 150 suka rasu a Circle tsakanin ruwa da wutar gidan mai, Allah ya jiƙansu, kuma kogin Odaw da muka cika da bola yana da hannu dumu-dumu. Amma wannan bai kore wancan ba. Iska in ta ƙara zafi da digiri 1 tana riƙe ƙarin danshi wajen kashi 7 cikin 100, in ta tashi zubarwa sai ta juye shi lokaci guda, to ka haɗa ruwa mai ƙarfi da toshasshiyar gota ka ga abin da zai fito. Baba kuma farin 1983 ya zo daidai da wani juyin teku da ake ce wa El Nino wanda dama yakan zo ya tafi, ba wanda ya ce inji ne ya fara kawo fari.

Baba fari ya girmi inji,
Wannan babu mai musantawa.

Da yakan zo ya wuce a huta,
Yanzu zafi hawa yake ba saukowa.

Ku je Keta ku tambayi masunta,
Ina gidan kaka? Yana cikin ruwa.

Fuveme gari ne da makaranta,
Teku ta cinye sai tunawa.

Can ma don kar in rage gaskiya, akwai ɗiban yashi akwai dam ɗin Akosombo da ya tare yashin da Volta ke kaiwa baki, amma tekun ita kanta tashi take yi saboda ƙanƙara na narkewa kuma ruwa in ya yi ɗumi kumbura yake.

Oga Direba, Nima

'Yata kin yi karatu Allah ya ƙara. Zafin dare kam akwai shi, fanka ma iska mai zafi take kaɗowa in dumso, ɗauke wutar nan, ya bar ta. Amma ga inda ke ci min rai.

To na ji, a ce ma gaskiya ne,
Wa ya cika saman da hayaƙi?

Afirka duka ba mu kai huɗu ba,
Cikin ɗari, ku duba da kirki.

Man rijiyar Jubilee jiya muka fara haƙa,
Sun ce mu bari, sun rufe banki.

Motar da Jamus ta gaji da ita,
Ita ake sauke min a Tema in yi aiki.

Sannan a ce ni zan biya tara,
Talaka kullum shi ne jaki.

A Fabrairun 2024 aka fara harajin hayaƙin nan, babur da aboboya mai ƙafa uku sidi 75 a shekara, mota 150, manyan motoci 300, sai 2025 aka soke shi, to wanda aka karɓa ɗin wane itace aka dasa da shi, wace gota aka yashe? Man da sai 2010 muka fara haƙowa shi ne ya ɗumama duniya?

Tela, Madina Zango

Oga yanzu ka zo inda nake jira. Fushinka daidai ne, inda ka sauke shi ne ban yarda ba.

Oga ka kama ɗan karen mota,
Ka saki wanda ya ci bashi.

Wanda ya shekara ɗari biyu yana ƙona kwal,
Shi ya ɓata sama, alhaki na kanshi.

In ka ce zancen nan ƙarya ne,
Ka yafe masa ke nan, ka wanke shi.

Trump ɗin da ka kawo shaida,
A tarihi ƙasarsa ta fi kowa zuba shi.

Wanda kake bi in ya ce bai san ka ba,
Kai ma sai ka ce ba ka bin shi?

Manomin Walewale ko keke babu,
Shi ke kwana da yunwa da nishi.

Ka duba fa, a Kopenhegen 2009 ƙasashe masu kuɗi suka yi alkawarin dala biliyan 100 duk shekara daga 2020, ba su cika a kan lokaci ba kuma mafi yawan abin da ya zo rance ne ba kyauta ba, a Masar 2022 da ƙyar aka amince da asusun biyan asara, a Baku 2024 aka ce biliyan 300 ƙasashenmu suka ce ya yi kaɗan. Duk wannan ja-in-jar da me wakilanmu ke yin ta in ba da hujjar masanan nan ba? Su kamfanin mai na Exxon masanansu na cikin gida sun san abin tun shekarun 1970, daga baya aka zuba kuɗi don a sa wa mutane shakka. Ni abin da ke ƙona min rai ke nan, a ce shakkar da aka dafa a Amurka don kare masu mai ta zo har bes ɗin ataya a zango muna maimaita musu kyauta.

Oga Direba, Nima

Tela maganar bashin ta shige ni, amma ban sauka ba tukuna.

Ko an biya bashin nan Tela,
Hannun wa zai karɓe shi?

Daga ministiri zuwa kwamiti,
Nima sai dai ta ji ƙanshi.

Hajiya Mai Koko, Mamobi

Ku bar manya da biliyoyinsu ku zo murhuna, ni tambayata ƙarama ce kuma amsa nake so ba ta'aziyya ba. Buhun gawayi daga su Kintampo ake lodo shi kullum tsada yake ƙarawa, gas kuma ba a magana.

'Yata ta Legon ke nake tambaya,
Gawayin nan an ce mu bar shi.

Na san har kaɗanya ake sarewa,
Ina hura wuta ina jin haushi.

Na yi adashi na sayi silinda,
Kuɗin gas ya hana ni kunna shi.

Marayu na ci a tukunyar nan,
Kokon gobe da me zan dafa shi?