Wane kaki ne ke jure zafin bazara? Shawarwarin 'yan zauren sana'ar hannu

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawara a kan kaki, na haɗa man leɓe da kyandir don sayarwa, ga shi bazara ta kawo jiki. A kasuwa akwai farafin, akwai kakin zuma, ana kuma ta yabon na waken suya. Wanne ne zai zauna a shago bai yi ruwa ba? Kuma yaya ake gane kakin zuman da aka yi wa algus?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Maman Ilham, kafin ki tambayi kuɗinsa, ki tambayi a digiri nawa yake narkewa. Kakin zuma 62 zuwa 64 ne a ma'aunin Selshiyas. Farafin iri-iri ne, daga 46 har 68, shi ya sa ake rubuta lamba a jikin buhu ko kwali. Idan kin ga 58/60, wannan ne zafin narkewarsa. Na waken suya da ake zubawa a kofi yawanci wajen 50 ne. Kandelila, da ake samu daga wani ɗan tsiro a hamadar arewacin Meziko, wajen 70. Sarkinsu wajen tauri kanuba ne, 82 zuwa 86, wanda ake kakkaɓowa daga busasshen ganyen wata bishiya dangin giginya a arewa maso gabashin Burazil. Ki kuma sani kaki yana fara laushi tun kafin ya kai lambarsa, kuma shagon kwano a watan Afrilu ya fi waje zafi nesa ba kusa ba. Ni dai ba zan ba ki shawarar na waken suya zalla ba a nan ƙasar.

Hajiya Rabi: Malam ya yi gaskiya. Na waken suyan gumi yake yi, ki ga man ƙamshin ya tsattsafo sama ɗigo-ɗigo.

Malam Habu: Dalili shi ne asalinsa ba kaki ba ne, Hajiya, mai ne aka cusa wa haidurojin har ya daskare. Mai, irin na gyaɗa ko kaɗanya, sarƙoƙin asid uku ne ɗaure a jikin gilisarin. Kaki na gaskiya kuwa asid ɗaya ne mai doguwar sarƙa ya haɗu da alkohol ɗaya mai doguwar sarƙa, abin da ake kira esta. A kakin zuma babbar estar sarƙa ce mai kabon 16 haɗe da mai kabon 30. Tsawon nan ne ya sa ruwa ba ya kama shi. Kakin kuma ba ya yin ɗoyi irin na tsohon mai, sai ya shekara goma a ajiye lafiya. Farafin shi ko estar ma babu, kabon ne da haidurojin kawai, sarƙa miƙaƙƙiya mai kabon 20 zuwa 40, ana tace shi daga ɗanyen man fetur a sashen da ake yin man juye. Matatar Kaduna ma an gina ta da irin wannan sashe. Sunan farafin daga Latin yake, ma'anarsa mai ƙarancin zumunci, don ba ya hulɗa da soda ko asid. Masu sabulu su lura: ko kun dafa shi da soda kwana guda, ba zai zama sabulu ba.

Baba Ɗanjuma mai amya: Yarinya, maganar algus bari in amsa miki. Ki ɓantari kaɗan ki murza a tafin hannu. Na gaskiya zai yi laushi ya miƙu, bai manne ba, bai bar maiƙo ba. Wanda aka haɗa da farafin santsi yake yi yana sheƙi, yana kuma marmashewa. Ki karya shi biyu: na gaskiya wurin karayar dishi-dishi yake, mai ɗan tsakuwa-tsakuwa. Idan an haɗa da kitse, hanci zai gaya miki da zarar ya ji wuta. Launi ba hujja ba ne, akwai fari-fari daga sabuwar saƙa, akwai ruwan ɗorawa, akwai mai duhu, kuma masu algus sun iya rini.

Malam Habu: In ƙara a kan na Baba. Kakin zuma ya ɗan fi farafin nauyi, in an ɗauki nauyin ruwa a matsayin 1, nasa 0.96 ne, na farafin kuwa wajen 0.90. Ki zuba sifirit a kofin gilashi, ki jefa ɗan guntun kakin da kika tabbatar da shi, zai nutse. Ki riƙa ɗiga ruwa kina juyawa har guntun ya tsaya tsakiya. Sai ki jefa wanda kike zargi. Idan ya taso sama da sauri, akwai farafin. Sai dai gwanayen algus kan ƙara sitiyarin, wani farin abu mai tauri da ake fitarwa daga kitse ko mai, don nauyin ya daidaita, wannan kam sai ɗakin gwaji.

Baba Ɗanjuma mai amya: Shi ya sa mafi sauƙi ki sayi totuwar saƙa wajen masu matse zuma, da yawansu zubarwa suke yi, ki fitar da kakinki da kanki. Abin takaici ne a zubar, don ƙudan zuma sai sun sha wajen kilo 6 zuwa 8 na zuma kafin su fitar da kilo 1 na kaki, ɓarya-ɓarya daga ƙasan cikinsu. Ga yadda ake yi. Ki ware farar saƙa daban, baƙar da aka yi 'ya'ya a ciki daban; baƙar ba ta da auki, kuma tana ɓata launin farar. Ki jiƙa kwana ɗaya, ki wanke sauran zuman. Jiƙon nan na da amfani: dattin da ke cikin tsohuwar saƙa idan ya sha ruwa ba zai tsotse kakin ba. Ki ɗura a jakar yadi mai ƙarfi, ki ɗaure, ki sa a tukunya da ruwan da ya rufe ta, ki danne da dutse mai tsabta. Wuta kaɗan-kaɗan, ruwan ya yi zafi sosai amma kada ya tafasa, in ya tafasa zai yi bori ya zubo kan wuta. Kina danna jakar da muciya kakin yana tasowa. Ki sauke, ki rufe, ki lulluɓe da tsohon bargo ya kwana, don in ya huce a hankali datti ya fi kwanciya ƙasa, faifan kakin da ya daskare a sama kuma ba ya tsagewa. Da safe ki ɗaga faifan ki kankare ƙasansa da wuƙa.

Abu biyu ke ɓata aikin. Tukunyar baƙin ƙarfe ko rabin duro mai tsatsa na baƙanta kaki, ta tagulla na sa shi kore-kore. Ki yi da silba ko tasa mai fenti. Sai ruwan rijiya mai zartsi ko kanwa: yana haɗuwa da asid ɗin da ke cikin kakin, ƙasan faifan ya zama toka-toka kamar soso. Ruwan sama ya fi, in babu ki matsa lemon tsami ɗaya ko biyu a ruwan. Kuma kada ki ajiye saƙa a buhu ta daɗe, tsutsar asu za ta cinye ta cikin makonni. Wanda aka narke aka yi faifai ba ta cika kula shi ba.

Hajiya Rabi: To ga ma'aunin man leɓe na giram 100 mai jure zafi: kakin zuma 25, kanuba 3, man kaɗanya 27, man ruwa 45, ko zaitun ko kwakwa. Man kwakwa a lissafa shi cikin na ruwa, tunda a digiri 24 yake narkewa. Ki auna da sikeli, ba da cokali ba. Ki ɗora kwano a kan tukunyar ruwan zafi, ki fara narka kanuban cikin man ruwan har ya ɓace gaba ɗaya, in ba haka ba zai bar ƙwayoyi masu kartar leɓe. Ki rage wuta ki sa kakin zuma, kada ya wuce digiri 85, yana duhu ƙamshinsa ya gudu. Kaɗanya ce ƙarshe. Ki zuba a mazubi, ki sa a firji ko gindin randa nan take. Kaɗanya in ta huce a hankali yashi-yashi take yi, akasin abin da Baba ya faɗa a kan faifan kaki. In babu kanuba ki kai kakin zuma 30, amma zai ɗan ja a leɓe. Kandelila rabin ma'aunin kakin zuma ake sawa. Kuma kada ki zuba ruwa ko zuma a ciki, kaki ba ya haɗa ruwa da mai shi kaɗai, za su rabu, fumfuna ta biyo baya.

Maman Ilham: Allah ya saka, Hajiya. Kyandir fa?

Injiniya Nura: Na kasuwa farafin 58/60 ne, tatacce sosai, wanda man da ya rage a cikinsa bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Mai araha da bai gama tacewa ba yana hayaƙi yana lanƙwashewa. A kowane kilo ki ƙara giram 100 na sitiyarin: yana ƙara tauri da fari, kyandir ya saki mazubi cikin sauƙi, sai dai yana cin mazubin roba mai taushi. Ki zuba a wajen digiri 75. Tsakiya zai lotsa don farafin na tsukewa in ya huce; ki rage kaɗan, bayan awa ɗaya ko biyu ki huda kusa da lagwani ki cike. Ƙamshi na mai ne, giram 60 a kilo, turaren fesawa mai sifirit ba ya haɗuwa kuma haɗari ne. Kalar girki ma ta ruwa ce, ƙasa za ta kwanta. Yawancin matsala daga lagwani take: in wuta ta haƙa rami ta bar gefe, ya yi siriri, in tana hayaƙi kansa ya yi tuƙu, ya yi kauri ko tsawo, a datse shi zuwa milimita 6. Kakin zuma yana son lagwani mai kauri fiye da farafin.

Sagir Marini: Injiniya, ka manta wuta. Kaki ba ya tafasa ya yi gargaɗi kamar ruwa, hayaƙi kawai za ka gani, kusa da digiri 200 sai ya kama. A kashe murhu a kifa murfi. Wanda ya watsa ruwa ya watsa wa kansa wuta. Mu a rini haɗawa muke yi: kakin zuma na bin yadi ba ya tsagewa, farafin na tsagewa baba ya shiga ta tsagar, shi ne jijiyoyin da kuke gani a atamfa, dabarar da Turawan Holan suka ɗauko daga mutanen Jaba ta Indunusiya. Rabi da rabi don zane mai tsabta, farafin kashi 70 don jijiya. In kakin ya zauna fari a saman yadi bai ratsa baya ba, bai yi zafi ba. Rinin kuma dole mai sanyi.

Iliya Maƙeri, Damagaram: Mu maƙeran fari kakin zuma zalla muke nema, kamar yadda maƙeran Agadas ke zubin sarƙarsu ta azurfa. A sassaƙa siffa da kaki, a shafe da yumɓu mai laushi haɗe da garin gawayi, a ƙara mai kauri da kashin jaki, ya bushe sarai, a gasa kakin ya fita, a zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa. Mai farafin karyewa yake a wajen murza siririn zare, mai datti kuma na barin toka, fuskar zubin ta fito da ramuka.

Maman Ilham: Tambaya ta ƙarshe, Baba. Faifan kakin zuma da ya yi fari-fari a sama kamar an barbaɗa gari, ya lalace ne?

Baba Ɗanjuma mai amya: A'a, ba fumfuna ba ce. Wani sashe ne na kakin ke fitowa sama in ya daɗe a ajiye, musamman da sanyin hunturu. Ki goge da tsumma ko ki sa shi a rana minti biyar, zai koma yadda yake.