Me ya sa Stockfish ba ya faɗin adadin motsin da za a kashe sarki?

Ɗalibin Ces: Assalamu alaikum. Idan wasan ces ya zo ƙarshe, sarakuna biyu da sojoji kaɗan suka rage, Stockfish, injin kwamfuta mai buga ces, yakan nuna cewa fari ne da nasara, amma ba ya faɗin a motsi nawa za a kashe sarki. Ina dalili, alhali allon ya kusa zama fayau?

Malam Mai Lissafi: Wa alaikumus salam. Tafiyar ce mai nisa, domin sai sojan ya kai layi na takwas ya zama sarauniya kafin a fara farautar sarki. Ko da sarki da soja ɗaya ne a kan sarki tilo, akwai yanayin da ke cin motsi 28. Shi kuwa Stockfish yana datse rassan lissafin da yake ganin ba su da amfani, saboda ƙarfin wasa aka gina shi, ba neman kisa mafi sauri ba.

Bakatsine: Ƙari a kan bayanin Malam, rumbun Syzygy, wato ma'ajiyar sakamakon ƙarshen wasan ces da Stockfish kan duba, wanda Ronald de Man ya fitar a 2013, yana adana nasara ko kunnen doki, da nisan cin wani ɗa ko motsa soja, amma ban da nisan kisa. Mai son ainihin adadin ya nemi rumbun Nalimov, wanda shi yake adana nisan kisa.

Ɗalibin Ces: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Zan gwada Nalimov ɗin a daren nan.