Kwamfutata tana daskarewa cak bayan abdet, dan Allah a taimaka

Sabon_ɗanLinux:
Salam 'yan uwa. Kwana biyar kenan laftof ɗina tana min wani irin hukin, ina cikin aiki kawai sai komai ya tsaya cak, linzami baya motsi kibod baya amsawa, in bidiyo nake kallo sautin ma sai yayi ta maimaita guri ɗaya drrrr har sai na danne maɓallin wuta na kashe ta da ƙarfin tsiya. Linux ne a kai, RAM 16GB. Wani lokacin tayi awa uku lafiya wani lokacin ko minti goma bata kaiwa, yawanci in na buɗe burauza ko ta tashi daga barci. Jiya aikin dana yi awa biyu ina rubutawa haka ya tafi wlh. Na goge komai na sake lodawa ne ko yaya?

Injiniya_Mai_Taminal:
Wa'alaikumussalam. Kar ka goge komai tukunna malam, in baka san ciwon ba zaka sake lodawa ya dawo. In ta sake ƙamewa fara danna Caps Lock ka duba fitilarsa. In tana kunnuwa tana mutuwa to kanel (zuciyar Linux, mai sarrafa kayan kwamfutar) na raye, hoton ne kawai ya mutu, danna Ctrl+Alt+F3 ko zata baka baƙin allo na rubutu. In kuma fitilar na ƙiftawa da kanta ba ka taɓa ba, kanel ɗin ne ya fanika, wato ya gamu da kuskuren daya tsayar dashi gaba ɗaya, sai ristat.

Bayan ta tashi buɗe taminal (wajen rubuta umarni) ka rubuta journalctl -k -b -1, zai nuna maka saƙonnin da kanel ya rubuta, wannan -1 ɗin yana nufin kunnawar data gabata wadda ta daskare, ka gangara can ƙasa ƙarshe. Masu katin hoto na AMD sukan ga amdgpu da ring timeout, na Intel i915 da GPU HANG, na NVIDIA kuma NVRM Xid da lamba, misali 79 na nufin katin ya ɓace wa kwamfutar gaba ɗaya. Wani sa'in baka ganin komai saboda bata samu damar rubutawa a diski ba kafin ta sandare, shima alama ce.

Sannan ka daina danne maɓallin wuta haka kawai, riƙe Alt da SysRq (yawanci shine maɓallin PrtSc) ka danna S, U, B ɗaya bayan ɗaya kana ɗan jinkirtawa, zata adana abinda ke hanya kafin ta sake tashi.

Hajiya_Kod:
Ni tambayata ɗaya, wane abdet kayi? Don ka faɗa a taken rubutunka amma baka bayyana ba. Hanya mafi sauƙi, lokacin kunnawa riƙe Shift ko ka danna Esc GRUB (jerin zaɓin dake fitowa kafin Linux ya tashi) ya fito, shiga Advanced options ka zaɓi tsohon kanel, kayi kwana biyu a kai. In bata tsaya ba ka gano ɓarawonka. Wasu zasu ce ka saka nomodeset a GRUB (zaɓin dake hana kanel loda direba, wato manhajar dake sarrafa katin hoto), su ma da gaskiyarsu amma na gwaji ne kawai, hoton zai zama da nauyi kamar ana jan sa. In a tsohon ma tana yi to bar zargin direba, saka memtest86+ ya kwana yana duba RAM, ka kuma taɓa wajen fanka kaji zafi, ƙura ma na jawo irin haka.

Sabon_ɗanLinux:
Hmm Hajiya kin kamani. Gaskiya ni na sauko da sabon kanel da hannuna, naga lambarsa tafi tawa girma sai na ɗauka yafi kyau, ƙarshen sunan akwai rc3.

Injiniya_Mai_Taminal:
Haba malam! rc ai na gwaji ne ba'a gama gyaransa ba, na masu farautar kurakurai ne. Koma wanda tsarinka yazo dashi, ko irin su 6.6 da 6.12 da ake kula dasu na dogon lokaci. In direban hotonka na DKMS ne (irin wanda ake sake ginawa kowane kanel nashi) duba dkms status kaga ya ginu akan kanel ɗin da kake kai.

Sabon_ɗanLinux:
Na koma tsohon tun shekaranjiya, na barta tayi barci na tashe ta yafi sau goma, shiru kakeji. Allah ya saka da alheri. Saura yadda zan cire wancan rc ɗin don har yanzu shine a saman GRUB, sai na zaɓa da hannu kullum.